Sunayen Tsirran Bakin Shari

Kogin Shari sau ɗaya yake cika a shekara, sau ɗaya kuma yake janyewa. A N'Djamena, inda yake haɗuwa da Logon daura da garin Kuseri na Kamaru, ruwan yakan fara tasowa da tsakiyar damina, ya ci gaba da hawa bayan an ɗauke ruwan sama, ya kai maƙura wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Dalilin jinkirin shi ne daga kudu ruwan yake tahowa, daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa, tafiyar kuma takan ci makonni. Daga nan sai ya yi ta ja da baya har bazara, lokacin da tsibiran yashi ke fitowa a tsakiyarsa. Tsakanin cika da janyewa akwai tazarar mitoci da dama. A bakin teku, kamar yankin Neja Delta, irin wannan hawa da sauka sau biyu yake aukuwa kowace rana, itatuwan can kuma sun saba da gishiri. A nan ruwan daɗi ne, kuma abin da teku ke yi cikin yini Shari shekara guda yake ɗauka kafin ya yi shi. Ƙa'idar da ke raba wa tsirrai mazauni dai ɗaya ce a wuraren biyu: kowanne yana tsayawa ne a inda tsawon zaman ruwa ya dace da shi.

Unguwar Moursal, a gunduma ta shida ta birnin, ba ta da nisa da gaɓa, kuma gadar Chagoua da ke ƙetarawa zuwa Walia tana kusa. Wanda ya gangara daga unguwar zuwa bakin ruwa a watan Disamba zai ratsa matakai huɗu ko biyar cikin 'yan mintoci. Akwai tudun da ruwa ba ya kaiwa sai a shekarar ambaliya, akwai gangaren da yake rufewa na 'yan makonni, akwai laka da ke kwana cikin ruwa wata uku ko huɗu, sannan kududdufan da kogin ya bari a baya, waɗanda wasunsu ba sa ƙafewa sai zafi ya tsananta. Kowane mataki da jama'arsa. Abin da ya sa masunci ko makiyayi, idan aka kawo masa ganye a hannu aka ce ya faɗi sunansa, yakan fara da tambayar inda aka tsinko shi da kuma watan da ake ciki, ke nan. Amsar tambayoyin nan biyu takan rage zato daga tsiro hamsin zuwa uku ko huɗu, sauran aikin kuma ido da hanci da yatsa su ƙarasa.

Hausa tana da wadatar kalmomin wurin ruwa. Kogi da gulbi daban suke da rafi, rafi daban da ƙorama, tabki daban da kududdufi, fadama kuma suna ne na ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta ya tashi ya bar danshi. Kalmomin da ke tara tsirrai rukuni-rukuni kuwa ba su da yawa: itace, ciyawa, haki, ganye, da abin da ke yaɗo. Duk ƙwarewar harshen a kan sunayen ɗaiɗaiku ta zuba, kuma sunayen ba a hannun mutum ɗaya suke ba. Makiyayi ya san abin da saniya ke ci da abin da ke kumbura ta. Mace mai neman ganyen miya ta san waɗanda makiyayi yake takawa ya wuce. Majemi da mai saƙar zana da mai magani da mai haɗa turaren wuta kowa da nasa kason. Tsiron da babu mai buƙatarsa a cikinsu sau da yawa "ciyawa" kawai ake ce masa, ko da masanin kimiyya yana ganinsa jinsi ne mai zaman kansa.

A kan ruwa tsantsa, wanda ya fi kowa suna shi ne kainuwa. Ganyenta kore ne mai haske, mai taushi da gashi-gashi, a tattare wuri ɗaya, saiwarta kuma tana reto cikin ruwa ba ta taɓa ƙasa. Kirarin da ake yi mata, "kainuwa dashen Allah", ya shiga bakin maroƙa da 'yan siyasa har ya kusa rabuwa da tsiron, amma asalinsa bayani ne na zahiri: babu mai shuka ta, ba ta da gindi a ƙasa, sai dai a wayi gari a ga ta rufe kududdufi. Tana yaɗuwa ta hanyar fitar da 'ya'ya a gefenta, kowanne ya ɓalle ya kama kansa. Masana suna kiranta Pistia stratiotes. Kirarin ya ɗauki ƙarfin halinta ya bar illarta, domin akwai wani nau'in sauro da 'ya'yansa ke maƙalewa a saiwarta suna shaƙar iska ta jikinta, ga kuma katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya tana fakewa a ƙarƙashinta. A da, a wuraren da gishiri ke tsada, akan ƙona ta a tace tokar a sami gishirin miya.

Bado shi ma ganyensa a kan ruwa yake, sai dai gindinsa yana cikin laka, kuma wannan bambancin shi ne tarihin rayuwarsa gaba ɗaya. Idan kududdufi ya ƙafe kainuwa takan bushe ta mutu, bado kuwa sai ya bar dunƙulen saiwarsa a cikin busasshiyar laka ya jira ruwan baɗi. Sunan ɗaya ne a Hausa, amma tsiron ya fi ɗaya. Akwai mai farin fure, Nymphaea lotus, wanda gefen ganyensa ke da haƙora-haƙora, furensa yana buɗewa da dare ya rufe kafin rana ta take. Akwai kuma masu shuɗin fure, masu sumul ɗin gefen ganye, waɗanda da rana suke buɗewa. Harshen bai damu da raba su ba saboda abin da ake nema a jikinsu ɗaya ne: ƙananan 'ya'yan da ake shanyawa a daka, da saiwar da ake dafawa ko a gasa. A shekarun fari irin na 1973 da 1984 wannan ilimin ya ciyar da gidaje da yawa a ƙasashen Sahel. Inda amfani ya zo ɗaya suna yakan zo ɗaya, kuma za a ga wannan ɗabi'a ta harshen tana maimaituwa a kowane mataki na gaɓar.

Sai ciyayin da ke tsayuwa cikin ruwa mai zurfi, kuma a nan ne gane tsiro yake fara wahala, domin kafin su yi kai kusan duk kama ɗaya suke. Babbansu shi ne burugu, Echinochloa stagnina. Karansa yana da totuwa mai iska a ciki, saboda haka yana yin iyo, kuma yana ƙara tsawo gwargwadon hawan ruwa, har ya kai mita uku ko fiye ba tare da ya nutse ba. Idan ruwa ya janye sai ya kwanta a kan laka, kowace gaɓa ta fitar da saiwa, ya zama makiyayar da ta fi kowace daraja da rani. Karan yana da zaƙi, yara sukan tsotsa. Sunan ya yi tafiya mai nisa. A yankin Masina na ƙasar Mali, inda kogin Kwara ke bazuwa, ana ce masa burgu, kuma daular da Shehu Amadu ya kafa a 1818 ta tsara dokokin shiga makiyayarsa, wane garke ne zai fara, wane ne zai biyo. Faransawa sun ari kalmar suka shigar da ita cikin littattafansu, har ma'aikacin gona a N'Djamena yakan faɗe ta yana zaton Faransanci yake yi.

Abokiyar zaman burugu ita ce shinkafar daji, musamman mai saiwa mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, Oryza longistaminata, wadda manomin shinkafa ya fi tsana saboda ba a raba ta da shuka sai ta girma. Akwai hanyar raba ta da burugu tun ba su yi kai ba. A ja ganye baya a duba inda ya rabu da kara. A jikin shinkafar daji za a ga wani ɗan harshe dogo, siriri, mai tsini, a jikin burugu kuwa layin gashi kawai za a gani. Wannan ɗan wurin da bai kai faɗin farce ba shi ne masana ciyayi suka fi dogara da shi, kuma babu wata kalma ta kowa da kowa a Hausa da ke kiransa, ko da yake manomin fadama yana duba shi da idonsa.

Dangin aya kuwa da yatsa ake gane su. Karan ciyawa ta gaskiya kewayayye ne mai gaɓoɓi, na dangin aya kuma yawanci kusurwa uku gare shi, idan aka murza shi tsakanin yatsu za a ji. Aya-aya, wadda sunanta ninki ne na aya, yana nuna kama ba tare da cikar daraja ba, tana cikin wannan gida. Kajiji ma ɗan gidan ne, amma ya saɓa wa ƙa'idar: karansa kewayayye ne, ba shi da ganye sosai, kuma a cikinsa akwai shamaki-shamaki da ake ji idan aka shafa shi daga ƙasa zuwa sama, ana kuma ganinsu idan ya bushe. Sunansa na kimiyya, Cyperus articulatus, daga waɗannan gaɓoɓin aka ciro shi. Matan da ke sayen saiwarsa a kasuwa don haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da matan Cadi da Barno suka yi fice a kanta, ƙamshin suka sani. Da yawansu za su wuce tsiron a bakin kududdufi ba su gane shi ba, domin a wurinsu kajiji sunan baƙar saiwa ce a cikin kwano. Babban ɗan wannan dangi, wanda mutanen Misira na dā suka yi takarda da shi, yana son ruwan da ba ya ƙafewa, shi ya sa mazauninsa tafkin Cadi ne, kimanin kilomita 100 arewa da birnin. Da shi Buduma, mutanen tafkin, suka riƙa ɗaure kwalekwalensu, kuma daga cikinsu Thor Heyerdahl ya ɗauki maƙera a 1969 suka haɗa masa jirgin Ra da ya gwada ƙetare tekun Atlantika da shi.

Kacalla ta cancanci a dakata a kanta, domin ita ce shaidar da ta fi nuna cewa tsiro labarin ruwa yake bayarwa. Doguwa ce, ta fi mutum tsawo, ganyenta falle-falle, kanta kuma dogo mai launin ƙasa wanda ya yi kama da zangarniyar gero. Tana son ruwa marar zurfi wanda ke zaune shekara cur. Inda ƙasa ke bushewa ƙayau da rani ba ta iya mamayewa. A fadamar Hadejiya da Nguru, bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa ya tafi sai ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Kacalla ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki masu cinye hatsi. A can sunanta ya zama kalmar kuka. A bakin Shari, inda har yanzu kogin ke hawa da sauka da ƙarfinsa, wurin da ya dace da ita shi ne magudanai da ramukan da ruwa ya maƙale a ciki. Duk inda aka ga ta yi yawa a gefen gari, alama ce cewa wani ruwa ya daina tafiya.

A kan yashi da laka da ruwa ya saki, masu yaɗo ne ke fara kamawa, kuma a cikinsu akwai sunan da ke iya yaudarar mai ji. Duman rafi, wanda wasu ke kira duman kada, ba shi da dangantaka da duman da ake fafe ƙwarya da shi. Ɗan'uwan dankali ne, kuma furensa mai launin shunayya, mai siffar bakin kakaki, shi ke tona asirin haka. An ce masa duma saboda yana yaɗo da faffaɗan ganye, an jingina shi ga rafi ko kada saboda mazauninsa. Ganyensa kewayayye ne mai kauri, kuma guba ne ga tumaki da awaki: dabbar da yunwa ta sa ta ci shi da yawa takan kama makyarkyata, ta kasa tsayuwa. Kusa da shi, a inda ruwa bai gama janyewa ba, akwai ɗan'uwansa Ipomoea aquatica, mai kara mai rami a ciki da ganye mai tsini irin na kan mashi. Wannan ana cinsa, a ƙasashen Asiya ma noma shi ake yi. Furannin biyu suna kama sosai. Wanda ya tsaya a kan fure zai ruɗe, wanda ya karya kara ya duba ko akwai rami ba zai ruɗe ba.

Ƙaidaji ƙaya ce da ke yin kurmi a bakin ruwa. Ganyenta ƙanana suna rufewa idan aka taɓa su, furenta ɗan dunƙule ne ja-ja, 'ya'yanta masu gashi kuma suna karyewa gutsi-gutsi su bi ruwa, abin da ya sa ba ta rabuwa da gaɓa. Zazar giwa ita ma mai ƙaya ce, amma gajera, ƙayoyinta a kewaye da kowace gaɓa, furenta shuɗi-shuɗi. A kudancin Cadi, ƙasar da yawancin tsofaffin mazauna Moursal suka fito, ana ƙona wannan tsiron a tace tokarsa a dafa ta zama gishirin gargajiya. Bahaushe ya dubi ƙayar ya tuna giwa, mutumin kudu ya dubi tsiron ya ga gishiri, kuma su biyun suna iya tsayuwa a kansa ba tare da sun san abu ɗaya suke nufi ba sai an nuna da yatsa.

Sama kaɗan, inda ruwa ke zama na ɗan lokaci, jema ce ke yin tushe-tushe. Ganyenta yana da kaifi, ana saƙa malafa da tabarma da shi, saiwarta tana da ƙamshi, manoman fadama kuma sun daɗe suna dasa ta a kan iyakar gona domin ba ta tashi daga inda aka sa ta. Kyauro ya fi son yashi. Ɗan'uwan rake ne, farin kansa yana sheƙi da kaka, kuma sunansa ya daɗe da zama sunan sandar kibiya, har wanda bai taɓa ganin tsiron ba ya san kalmar daga labarin maharba. Gamba, wadda ake saƙa zana da ita, ba ta son ƙafarta ta daɗe a ruwa. Inda jema ta ƙare gamba ta fara, nan ne iyakar ambaliyar da aka saba.

Itatuwa ma suna bin wannan jeri. Giyayya ita ce mai haƙurin ruwa, takan tsaya wata da watanni gindinta a nutse. Ana gane ta da rassa da yawa da ke tasowa daga tushe ɗaya, da fure fari mai ƙamshi a dunƙule, wanda idan ya bushe yake zama baƙin ƙwallo ya daɗe a jikin reshe. Dangin gahawa ce, ita da tafashiya. A jikin ɓawonta akan ga zanen laka da ke nuna inda ruwan bara ya tsaya. Bagaruwa, ko gabaruwa a wasu bakunan, tana da iri fiye da ɗaya: wadda ke tsayuwa cikin ruwa 'ya'yanta suna da ƙugu siriri tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar carbi, ta tudu kuwa 'ya'yanta faffaɗa ne marasa ƙugu sosai. Majemi bai raba su da suna ba, tunda duka suna jeme fata, kuma da su aka jeme jar fatar akuyar Sakkwato da ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa jingina ta ga Maroko. Gawo yana bakin tudu, kuma gane shi ba ya buƙatar kusanta: shi ne itacen da ke tsaye tsirara da damina, ya yi ganye lokacin da saura ke zubarwa. A cikin fadama mai faɗi, tsamiya da kanya sukan tsiro a kan tsohon suri, domin nan ne kaɗai ruwa ba ya rufewa. Giginya kuma tana da yawa a gaɓar Logon.

A tudu, bayan gidaje da gefen juji, ake samun waɗanda kuskure a kansu ya fi shafar tukunya. Tafasa da rai-ɗore 'yan'uwa ne, furensu rawaya, tsayinsu kusan ɗaya. Tafasa tana da ƙananan ganye shida, biyu-biyu, masu kewayayyen baki, 'ya'yanta sirara masu lanƙwasa. Rai-ɗore ganyensa ya fi yawa, bakinsa da tsini, warinsa ya fi ƙarfi idan aka murza, kuma magani ake yi da shi. Zaƙi-banza ana cinsa, mai ƙayar kuma ana ce masa namijin zaƙi-banza. Wannan "namiji" ba maganar jinsi yake yi ba. A sunayen tsirrai yana nufin wanda ya yi kama da na ainihi amma ya fi shi ɗaci, ko ƙaya, ko tauri, ko kuma ba ya ba da abin da ake nema, kamar yadda namijin goro yake ga goro. Jingina tsiro ga dabba shi ma yana da ma'anarsa: na kada ko na giwa ko na biri yawanci na daji ne, ba na mutane ba. Wasu sunayen kuma gargaɗi ne kai tsaye. Zaƙami, mai babban farin fure da 'ya'ya masu ƙaya, sunansa na biyu haukata-yaro, kuma babu littafin kimiyyar da ya taƙaita aikinsa fiye da haka.

Duk wannan a Hausa ne, alhali Hausa baƙuwa ce a Moursal. Harshen kasuwa a N'Djamena Larabcin Cadi ne, na ofis Faransanci da Larabci, a Moursal kuma ana jin Ngambay da sauran harsunan Sara. Tsofaffin masuntan wannan gaɓa Kotoko ne. Hausawa sun zo ta hanyar aikin hajji da fatauci da su, tun garin yana Fort-Lamy, sunan da aka sa masa a 1900 bayan yaƙin Kuseri da Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka mutu a cikinsa, kafin a mai da shi N'Djamena a 1973. John Works ya rubuta tarihin waɗannan al'ummomi a littafinsa na 1976. Bahaushen da ya zauna a nan yakan riƙe suna biyu ga kowane itace: aduwa da hijlij, magarya da nabag, gawo da haraz, bagaruwa da garad, tumfafiya da ushar, tafasa da kawal. Sai dai sunayen ba sa hawa kan juna daidai. Garad ya fi nufin 'ya'yan da ake jima da su. Kawal yana nufin tsiron, yana kuma nufin ganyen da aka ruɓar aka shanya don miya, abincin da Cadi da Darfur suka sani, Kano kuwa kwaɗo ta fi sani. Tsamiya ardeb ce, kuma tana nan cikin sunan unguwar Ardep-Djoumal, wato tsamiyar raƙuma.

Rubuta waɗannan sunaye ya bunƙasa a hannun 'yan mulkin mallaka. Auguste Chevalier ya bi Shari zuwa tafki daga 1902 zuwa 1904 yana tara ganye yana matsewa a takarda. A Arewacin Najeriya wani likita, J. M. Dalziel, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai a Hausa a 1916, ya biyo da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuma ya adana sunaye da yawa da yau sai a bakin tsofaffi. A Cadi, masu binciken makiyaya da suka yi aiki da ɗakin gwaje-gwaje na Farcha sun fitar da jerin tsirran kudancin ƙasar a 1972, sannan Jean César da Cyrille Chatelain suka wallafa littafi mai zane a 2019. Wani lokaci kasuwa ce ke koya wa masani. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ga wasu koren dunƙule ana sayarwa a kasuwar Fort-Lamy. Dihe ne, wanda matan Kanembu ke kwasowa daga tabkunan kanwa na Kanem su shanya a yashi. Abin da Bahaushe zai kira gansakuka ya wuce, shi ne spirulina da yau ake sayarwa a kantunan magani na Turai.

Sunan kimiyya, mai kalma biyu irin tsarin da Linnaeus ya kafa a 1753, yana da fa'idar da babu na gargajiya mai ita: yana faɗin dangi, kuma ɗaya ne a Kano da N'Djamena da Jeneba. Amma ba shi da tabbacin da ake zato. Bagaruwa ta shafe shekaru aru-aru tana Acacia nilotica, sai tarukan masana a Vienna a 2005 da Melbourne a 2011 suka bar sunan Acacia ga itatuwan Ostareliya, ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ƙaro kuma ta koma Senegalia senegal. Jema ta tashi daga Vetiveria zuwa Chrysopogon. Tafasa ta tashi daga Cassia zuwa Senna. A duk tsawon wannan lokaci majemi bai sake wa bagaruwa suna ba. Kowane tsari da inda yake da rauni: na gargajiya yana sauyawa daga gari zuwa gari, na kimiyya daga bugu zuwa bugu. Mai son tabbaci yana buƙatar ganye da fure da 'ya'ya a hannu, da wurin da aka samo su, da watan, sannan ya tambayi suna a bakin mutum fiye da ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa da haka a bakin Shari daga Oktoba ne zuwa Disamba, sa'ad da ciyayi suka yi kai kuma ruwa ya fara ba da hanya.

Jerin matakan kansa yana sauyawa. A 2022 da 2024 kogin ya haura mita takwas a ma'aunin N'Djamena, ya shiga unguwanni, Walia da maƙwabtanta suka fi shan wahala, aka yi ta ɗaga ganuwar ƙasa da buhunan yashi. Ganuwa tana raba fadama da koginta, kuma abin da ke bayanta ko ya bushe ko ya zama ruwa zaunanne. An ga irin haka a fadamar Logon ta ɓangaren Kamaru bayan madatsar Maga ta 1979, inda burugu da shinkafar daji suka ja baya, ciyayi marasa auki suka maye gurbinsu, har sai da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994. A cikin birni kuma masu lambu da masu bulo da masu ɗibar yashi suna cin gaɓar daga sama.

Baƙin tsirrai su ma suna shigowa, harshe kuma yana bin su da suna ta hanya biyu. Ko dai ya ara musu tsohon suna, ko ya ƙirƙiro sabo. Tsiron nan na Kudancin Amurka mai shuɗin fure, wanda ya toshe ruwan Legas tun 1984 ya kuma bazu a kogin Kwara har Yamai, da yawa kainuwa suke ce masa tunda shi ma a kan ruwa yake yawo, ko da yake ganyensa sumul ne mai sheƙi, gindin ganyen a kumbure, kuma ba su haɗa dangi ba. Itacen Indiya da ke inuwantar da titunan N'Djamena kuwa, wanda aka kawo Barno a 1928, bai sami wanda zai ara masa suna ba, sai kowane yanki ya raɗa masa nasa: dogon yaro da darbejiya a ƙasar Kano da kewaye, maina a wajen Barno, bedi a Nijar.